Ɓawon da na aika wa Inna

Ni ɗan masunta ne daga Yawuri. Na ɗauka babu abin ruwa da zai ba ni mamaki, sai da na samu aiki a kicin ɗin wani otal a unguwar Misfala, can ƙasa mai tsarki, na haɗu da abalon. Larabawa kunnen teku suke ce masa: tsoka guda manne a cikin ɓawo mai faɗin tafin hannu. Daga Jidda ake kawo shi cikin ƙanƙara, babban kuku yana lallaɓa shi kamar jariri. Aikina in ɓamɓare tsokar da cokali, in goge baƙin gefenta da buroshi, in bubbuga ta har ta yi laushi. Shi kuma ya yanka ta siriri, ya ɗan nuna mata wuta da man shanu, a kai wa manyan baƙi. Sau ɗaya na ɗanɗana. Wallahi ragon ruwa ya fi shi daɗi, mai kuɗi ne dai ba a gaya masa gaskiya.

Ɓawon zubarwa ake yi, ni kuwa shi ya ɗauke min hankali. Bayansa kaushi, cikinsa kore da shuɗi da ruwan hoda, yana sauya launi in ka juya shi. Da ɓawon bakin kogi Inna take kankare ƙanzo a tukunya, muna tsugune muna jira.

Shekara goma sha ɗaya rabona da ita. Umara na zo na zauna, babu iƙama, wato takardar izinin zama. In na fita babu dawowa, gidanmu kuma da aikin nan yake cin tuwo. Kullum ina ce wa raina baɗi zan tafi. Babu abin da nake so a duniya kamar Inna ta ɗaga ido ta gan ni a bakin ƙofa. Ko kiran bidiyo ta daina karɓa. Ƙanena ya ce kunya take ji, ni kuma ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa, don haka ban kawo komai a raina ba.

Na zaɓi ɓawon da ya fi kyau, na naɗe shi a sabon ɗankwali, na ba wata hajiya 'yar garinmu da ta sauka a unguwar Mansur. Da ta isa gida na buga waya.

"Inna, saƙo ya iso?"

"Ya iso, Allah shi yi albarka. Wanga abu da santsi! Ga hudoji jere ga gefe nai, har biyar."

"Launin cikin fa? Kin taɓa ganin irinsa?"

Sai ta ce, "Ai fari ne, ko?"

Ƙanena ne ya karɓi wayar ya faɗa min. Shekara biyu ke nan idonta ya rufe. Ita ta hana a gaya min, don kada in miƙa kaina ga hukuma a mayar da ni gida. Na zazzaga masa masifa, na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa.

Sai na ji muryarta. "Kai, bar faɗa hakanan. Gaya man launin."

Na ɗauko wani ɓawon daga kwandon shara, na tsaya a ƙofar baya ina juya shi a rana, ina faɗa mata, tana cewa to, to. Da na gama ta ce, "Kai fa? Ka yi furfura?"

Na ce na yi.

Ta ce, "A ina da ina?"