Wadda Aka Kira Taron Dominta

Tana tsaye a ƙofar ɗakin taron jami'a, farar sanda a hammata, waya a tafin hannu. Baƙin gilashinta an ɗaure masa ƙafa ɗaya da zare. Ina jin ɗaliba ce 'yar shekarar ƙarshe, wadda ta haddace kowace matakala ta makarantar nan.

A ciki ana wayar da kan jama'a game da sauƙaƙa wa nakasassu amfani da intanet. Amma ba a shiga sai an cike fom ta waya, fom ɗin kuwa duk hotuna ne, ba rubutun da waya za ta iya karanta wa makaho.

Tana shafa fuskar wayar da yatsa, wayar na karanta mata: "Hoto. Hoto. Hoto."

"Malam, fom ɗin nan ba ya karantuwa," in ji ta.

"Ga shi nan ɓaro-ɓaro, 'yar'uwa," in ji mai tsaron ƙofa. "Danna koren maɓallin."

Murmushi kawai take yi.

Sai ga shugaban taro da mai ɗaukar hoto. "Yawwa, ke muke nema! Ɗaga sandar ta fito sosai," in ji shugaban.

Ta ɗaga. Gobe za ta fito a shafin jami'a, wayarta kuma za ta gaya mata: "Hoto."