Ranar da Saƙon Rigakafi Ya Koma Hausa

Tun da aka ɗauke ni aikin shara a wani ƙaramin asibiti a Wudil, fargabata ɗaya ce: kada in taɓa kwamfutar ofis ta lalace a sallame ni. Ga goyo, karatuna kuma bai wuce firamare ba. Bayan dawowar mulkin farar hula ne, lokacin da salula ta kai har ƙauye.

Ba na manta wata jajiberin rigakafi. Kwamfutar ce ke tura wa iyaye saƙo su kawo yara, amma da Turanci, don haka matan ƙauyukan Utai da Darki ba sa zuwa. Injiniyanmu, Malam Nasiru, ya canza saitin harshe daga Kano, amma saƙon Ummi, 'yata, da ya shigo wayata Turanci ne dai. Sista Binta, shugabarmu, tana karɓar haihuwa. Ta ce, "Rabi, ɗauki wayata, Malam Nasiru yana kan layi, yi abin da ya ce."

"Malam, ni fa mai shara ce," na ce, Ummi tana kuka a bayana.

"Sannu da aiki, maman mai kuka. Kin taɓa aiken wani kasuwa, bayan ya fita kika canza shawara?"

"Sau nawa."

"Yana jin ki daga can?"

"Ina fa, sai ya dawo."

"To haka manhajar da ke tura saƙon take. Lokacin da aka kunna ta take karanta saitinta, ta riƙe. Na rubuta mata sabo, amma ba za ta gani ba sai an tsayar da ita an sake kunnawa. Daga nan ba zan iya ba, sai ke."

"In ta ƙi tashi fa?"

"Ni na sa ki, ni zan amsa."

Ya faɗa mini inda zan danna. Allon ya yi baƙi. Ina salati, Ummi tana jan ɗankwalina, har haske ya dawo. Can wayata ta yi ƙara, ga saƙo da Hausa: "A kawo yaro rigakafi gobe da safe."

Washegari benci bai ishi matan da suka kawo yara ba. Sista ta ce daga yau in an ɗauke wuta aka dawo da ita, ni zan riƙa kunna kwamfutar.

A ranar na gane ba duk masu wannan aiki ke rowar sani ba. Ku da kuka yi karatu, don Allah ku riƙa yi wa irinmu bayani da abin da muka sani. Ku kuma sa Malam Nasiru a addu'a, har aka canza masa wurin aiki ban ga fuskarsa ba.