Lakar da ta kusa raba ni da makaranta

Ina aji uku a ƙaramar sakandaren da ke kusa da Kura aka turo mana sabon malamin Turanci daga birni. Tun ranar farko ya raɗa mana suna 'yan kanal, saboda magudanar ruwan da muke noman rani da ita, wai in mun buɗe baki warin albasa yake ji. A shekarar ne kuma Baba ya gindaya mini sharaɗi: in na sake faɗuwa Turanci, in ajiye biro in ɗauki fartanya. Baba ba ya magana biyu.

Da jarrabawa ta zo, sai ga labari a kan noman rani, an ja layi a ƙarƙashin wasu kalmomi, wai mu faɗi ma'anarsu. Wallahi ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Akwai wata 'yar gajeruwa, silt. Na ƙyale ta, na karanta na gabanta da na bayanta. Labarin ya ce ruwa ne ke kawo ta, tana kwanciya a ƙasan magudana, ruwa ya daina gudu, sai manoma sun taru sun kwashe ta da shebur. Haba! Ai wannan laka ce. Ni da ƙafata ta tsage saboda yasar kanal duk shekara? Haka na bi sauran ɗaya bayan ɗaya.

Ranar rabon takardu malamin ya riƙe tawa, ya kira ni gaban aji.

"Kai, wa ya ba ka amsa?"

"Babu kowa, Malam."

"Ƙarya kake! Kai da ko gaisuwar Turanci ba ka iya ba? Durƙusa ka amsa laifinka, in yi maka bulala shida, in ba ka rabin maki. In ka ƙi, sifili."

Rabin makin nan ya ishe ni in tsallake, na sani sarai. Wani na bayana har yana raɗa mini, "Durƙusa mana, mene ne a ciki?" Amma raina ya riga ya ɓaci. In amsa satar da ban yi ba? A kan laka?

Na ce, "Malam, ba zan durƙusa ba. Ka zaɓi kowace kalma a ciki, in nuna maka inda na samo ta."

Ya ce ba shi da lokacin gardama da ɗan kanal. Ya zana mini sifili, ƙato, da jan biro.

Na kai wa Baba takardar a gonar albasa. Bai iya boko ba, amma sifili kowa ya san shi. Na kwashe labarin duka na gaya masa. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Ka sata?"

"Ban sata ba."

"Ka durƙusa?"

"Ban durƙusa ba."

Na miƙa hannu zan ɗauki fartanyar da ke gefensa, tunda sharaɗi sharaɗi ne. Sai ya taka ƙotar da ƙafarsa.

"Sake ta. Faɗuwa na ce, ban ce zalunci ba. Gobe ka koma, ka zauna a layin gaba inda malamin zai riƙa ganinka kullum."