Injin Gefen Taga

Lutek ɗan gwaggona ne, kuma duk faɗin birnin Lodz babu mai kunnuwa irin nasa. In iska ta taso sai mun riƙe masa riga kada ya tashi sama. Tun muna yara nake ce masa Zomo, shi kuma yana ce mini Tulu saboda tumbina. Ranar da muka binne shi saura kaɗan in tambayi mai akwatin gawa ko ya bar wa kunnuwan fili. Ban tambaya ba.

Uwarsa, Gwaggo Genia, tun tana budurwa ta shiga masaƙar unguwarmu, ta fito da furfura da kunnuwan da ba sa aiki. Haka duk matan ɗakin saƙa suke. Ƙarar injuna ta cinye musu ji, sai suka koma magana da leɓe. Daga wannan bango zuwa wancan suna gulmar mutum yana tsaye a tsakiya bai sani ba. Inji kuwa da tafin ƙafa suke sauraronsa. In ya fara ciwo, daɓen katako ne ke gaya musu. Ranar da ba mai raino, Gwaggo takan zo da Lutek ta kwantar da shi cikin kwandon zare kusa da injinta.

Burinta ɗaya ne, ɗanta ya samu aikin shiru: ofis, tebur, taga mai labule. Shi kuwa Zomo sai ya watsar da makaranta ya rungumi jita mai igiya huɗu, mai murya kamar bijimi ya faɗa rijiya. Ya haɗa kai da wasu ramammu uku, suka sa wa ƙungiyarsu suna Ƙoshiya, wato abin nan da ke kai zare yana dawowa a injin saƙa. Da rana yana gyaran injuna a masaƙa, in an tashi aiki su shige ɗakin ƙasa inda ake zuba kwal su yi ta kiɗa.

A shekarun da ake bin layin nama da na sabulu suka ɗauki kaset ɗinsu, shi ne na farko, shi ne na ƙarshe. Rediyo bai taɓa sa shi ba, kanti bai sayar ba. Hannu da hannu ya zaga gari, kowa ya kwafa ya miƙa gaba, har muryar mawaƙin ta koma kamar daga cikin bargo take fitowa. Waƙoƙin duk na ƙunci ne: hayaƙi, layi, sanyin safiya. Mawaƙin ma ba rerawa yake ba, masifa yake. Amma jitar Lutek da ke ƙarƙashi fa! Tafe take tana ɗingishi, taku ya zo daidai, ya zo daidai, sai na gaba ya makara, ƙugun ɗan Adam kuwa ba ya jure wannan makarar. Da idona na ga ɗan sandan da aka turo ya watsa taro yana rawa da kulkinsa. To, kafaɗarsa dai ta motsa.

Duk wannan bai cika wa Lutek ciki ba. Mutum ɗaya yake so ta ji.

Wata Lahadi bayan coci na je shan miya gidansu, sai ya ajiye kaset ɗin kusa da farantinta.

"Mama, naki ne," ya faɗa da leɓe, yadda ta koya masa.

Ta juya shi gaba da baya. Da ƙarfi ta amsa, irin na wanda ba ya jin muryarsa: "Na ba masaƙa kunnuwana don ka tsira da naka, ka je ka kwaso mini hayaniya."

Na leƙo da fuskata gabanta na ce, "Gwaggo, ai nasa sun ishi gida uku, ko ya rasa rabi."

"Kai Tulu, ci kabejinka."

Ta jefa kaset ɗin aljihun tebur, cikin cokula. Duk shekara ranar bikin waliyyiyar da ta ci sunanta Lutek zai jawo aljihun, ita kuma ta mayar da shi da ƙugu. Ƙungiyar ta watse. Masaƙar ta rufe. Ya koma sayar da safa a bakin kasuwa, ƙurar audugar da ya shaƙa kuwa tana zaune a ƙirjinsa tana jira.

A asibiti ya tambaye ni, "Tulu, ta buɗe aljihun?"

Na ce, "Kullum ma. Ai cokula na ciki."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Hirarmu ta ƙarshe ke nan.

Daga maƙabarta muka dawo gidanta cin abincin makoki. Tsoffin matan masaƙa sun cika ɗaki cikin baƙaƙen kaya. Ana cikin ci Gwaggo ta tashi, ta jawo aljihun, ta miƙo mini kaset ɗin.

Maƙwabciyarta Stefa ta dafe ƙirji. "Haba Genia! Kiɗan rawa a gidan makoki?"

Gwaggo ta kau da kai daga leɓen Stefa, shi ke nan ba ta ji ba.

"Kifa sifikar a ƙasa," ta ce da ni.

Na sa kaset ɗin a rikoda, na kifa sifikar a kan daɓen katako. Ta tuɓe takalman cocinta, ta tsaya da safa, na danna. Kofunan shayi suka fara rawa a tebur. Ta rufe ido. Ta daɗe ba ta motsa ba, har na fara neman abin da zan faɗa na wauta, na rasa.

"Injina ne," ta ce, wannan karon a hankali. "Na gefen taga. Ƙoshiyarsa makara take in za ta dawo. Shekara da shekaru ina kai ƙara ba a gyara ba. Ashe yana cikin kwando yana ji."

Stefa ta dube ta, ta sunkuya ta kwance igiyar takalminta. Sauran ma suka bi, ɗaya bayan ɗaya, suka jeru a kan katakon. Diddigen Gwaggo na ɗagawa yana sauka, yana makara daidai inda Zomo ke makara.

Da kaset ɗin ya tsaya ba ta buɗe ido ba.

"Tulu," ta ce, "juya ɗaya gefen."