Malama Sahura da Idon Inna Hure

Kafin rana ta yi zafi, Malama Sahura ta riga ta ɗare bayan ɗan kabu-kabu daga Bukkuyum, jakar littattafai a cinya, tana yi masa faɗa kan ramukan hanyar Nasarawa Burkullu kamar shi ya haƙa su. Haka ta yi shekara da shekaru tana koya wa matan aure karatu a wani zaure, har bana da ta yi ritaya. Ba a taɓa kiran sunanta a rediyo ba. To, yau sai mun kira shi.

Doka guda gare ta, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. In an gama littafi, kowace mace sai ta miƙe ta faɗi abin da ya yi mata. Wadda ta ce "ya yi daɗi" ta jawo wa kanta. "Daɗin mi?" in ji Malama. "Fura ce?"

Wata damina ta kawo ƙananan littattafai a kan ido da kunne da hanci da harshe. Nan fa zaure ya kaure! Zaliha mai ƙosai ta rantse marubucin bai taɓa shiga madafa ba, don ya ce hanci na taya harshe sanin ɗanɗano. Malama ta sa ta toshe hanci ta lashi miyar daddawa. Zaliha ta lasa, ta sake lasa, ta ce, "To, ya yi gaskiya, amma dai bai iya girki ba." Muhsina kuwa ta ce tun da ta karanta na kunne ta daina sosa wa 'ya'yanta kunne da tsinken tsintsiya.

Ran da aka gama littafin ido, wata ɗaliba mai suna Uwani ta miƙe. "Malama, wanga littafi zancen Inna yake yi."

Inna Hure uwar mijinta ce. Farar yana ce ta rufe mata ido biyu, ta daɗe tana laluben bango. Littafin ya ce likita na iya cire irin wannan yana mutum ya koma gani. Sai dai Namadi, mijin Uwani, ya riga ya shirya da wani mai magani mai bin kasuwanni, wanda ke soka tsinke a ido ya tura yanar can ciki. Ranar kasuwa mai zuwa za a yi. Malama kuwa ta san waɗanda aka yi wa haka idon ya mutu murus.

Ba ta jira komai ba. Ta ja Uwani har gona, suka iske Namadi cikin gero yana noma.

"Haba Malama," ya ce. "Karatun mata ne zai hana ni nema wa uwata magani?"

"Malam Namadi, ban zo gardama ba. Ba kuma ni zan karanta maka ba, matarka za ta karanta."

Uwani ta buɗe shafin, tana tuntuɓe tana gyarawa, ta karanta yadda yana ke taruwa a ido da yadda ake cire ta. Namadi bai taɓa jin matarsa na karatu ba. Ya dogara da hauya yana saurare. Can ya ce, "Maimaita wurin da aka ce tana iya gani."

Ranar kasuwa mai magani ya gaji da jira. Su Namadi da Inna Hure suna cikin mota da Malama, sun nufi asibitin birni. Bayan likita ya yi aiki, da aka kwance wa Inna Hure ido, ta daɗe tana ƙifce-ƙifce, sannan ta tsura wa ɗanta ido.

"Kai! Wa ya zuba maka hurhura haka ba a gaya mini ba?"

Wallahi ƙato da shi, Namadi ya durƙusa yana kuka yana dariya. Malama ta juya baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Malama Sahura, ke ce kika hana mata su haɗiye abin da suka karanta su yi shiru. Da kin karɓi "ya yi daɗi", da Uwani ta rufe littafinta ta tafi gida, da an soka wa tsohuwa tsinke. Uwar zaure, Allah Ya saka miki da alheri, Ya bar miki naki idon. Ku kuma malaman Anka da Gummi, ku riƙa tambayar ɗalibanku abin da littafi ya yi musu, ku tsaya ku ji amsar.

Inna Hure ta ce a gaya miki tana nan tafe da godiyarta har Bukkuyum. Ta kuma gargaɗi mutanen gida kada wanda ya kuskura ya riƙe mata hannu a hanya.