Fasfon Inna a Jakar Yaya

Shekarar da mahaifiyata ta zo Umara, kwana takwas kawai za ta yi a Madina. Ni da maigidana muna zaune a unguwar Harra ta Gabas, na share ɗaki na shimfiɗa mata. Amma a filin jirgi yayar maigidana, wadda duk muke kira Yaya, ta riga ni kama hannun Inna. Ta karɓi fasfonta ta jefa a jaka, ta ce, "Wurina za ta sauka, unguwarmu Anbariyya ta fi kusa da Harami."

Kuma gaskiya ne, ta fi kusa. Shi ya sa musu da Yaya yake da wuya. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Taimako take yi maka har sai ka manta kana da hannu. Ita ke zaɓa mana likita, ita ta canza wa 'yata makaranta ina ji ina gani, kuma dole ka gode, in ba haka ba ka zama butulu.

Buri ɗaya Inna ta zo da shi: ta sa goshinta a Rauda, wurin nan tsakanin kabarin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da mumbarinsa. Yanzu ba a shiga sai da tasrihi, izinin da ake nema a waya da lambar fasfo da ta biza. Yaya ta ce ita za ta nema. Rana ta biyu ta ce cunkoso ya yi yawa. Ta huɗu ta ce Inna ta gaji. Ta biyar ta samu, ta soke da hannunta, wai ya faɗo ranar da ta gayyaci ƙawayenta cin abinci, tana so su ɗanɗani miyar kuka ta hannun mutanen gida.

Na yi wa maigida magana, ya ce, "Kin san halin Yaya. Ki yi haƙuri." Shekara goma sha wani abu ina yin haƙurin nan, amma da abin da yake nawa nake yi. Wannan na Inna ne, matar da ta haura saba'in, wadda ba ta da tabbacin sake taka garin nan.

Ranar cin abincin na tarar da Inna a kicin zaune kan kujera 'yar tsugune, tana kaɗa miya, idonta na ruwa saboda yaji. Ta ce min a hankali, "Bar ta, 'yar nan. Baƙo ba ya zaɓe."

Na wanke hannu na shiga falo, na gaida baƙi, na durƙusa gaban Yaya.

"Yaya, fasfon Inna na zo karɓa."

Ta yi dariya ta dubi ƙawayenta. "Ku ji min uwar yaran nan. Me za ki yi da shi? Karatun naki na yaƙi da jahilci ne zai nemo tasrihi?"

Da can, a nan nake faɗuwa. Sai in shiga bayani, ita kuma ta bi dalilaina ɗaya bayan ɗaya tana karyawa, don duk dalilin da ka ba ta, ka ba ta izinin yanke hukunci ne. Ranar ban ba ta ko ɗaya ba.

"Fasfon na zo karɓa, Yaya."

"Zai ɓata a hannunki."

"To. A ba ni."

Wata tsohuwa 'yar Maraɗi ta ajiye cokali ta ce, "Hajiya, ba uwatta ba ce? Ba ta abinta mana." Yaya ta zuge jaka, ta ajiye shi a kan kafet maimakon ta miƙo min, ta ce, "Halas, shi ke nan. Kada a neme ni."

Na ɗauka. Da yamma na zauna da wayata, na shigar da lambobin harafi bayan harafi, ina bi da yatsa. Sau uku ina kuskure. Na jibi da hantsi na samu, ranar da Inna za ta wuce Makka da la'asar.

Na riƙe Inna muka bi layin mata. Da muka shiga na tsaya bayanta na tare mata turereniya har ta yi raka'a biyu. Ta daɗe a sujada, mai gadi tana cewa yalla ya hajja, wai ta tashi, ni kuma na yi kamar ba na jin Larabci.

Yaya ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwata. Ban fasa zuwa gaishe ta ba, ban kuma ba ta haƙuri ba, ko da maigida ya roƙe ni. Daga baya na ji tana gaya wa mutane ita ta shirya wa Inna shiga Rauda. Wannan ya ƙona min rai fiye da gabar, har yau kuma in na tuna sai na yi a'uziyya. Amma ban je na ƙaryata ta ba. Inna ta san wanda ya tsaya a bayanta.