Na'urar da Ta Ƙi Hannun Daman Baba Ɗahiru

Har gobe ba na mantawa da ranar da na'urar dangwala yatsa ta ce ba ta san Baba Ɗahiru ba. Lokacin ina jami'in kula da ma'aikata a wani ofishin gwamnati a Gusau. Tsarin shi ne ka zo da safe ka ɗora babban yatsa, in ta nuna kore an shaida ka zo. Wanda ba ta gani ba har wata ya ƙare, sai a tura sunansa cikin ma'aikatan bogi.

Ni duk fargabata dattawa ne. Na ɗauka samari masu latsa waya za su yi maraba da ita. Ina! Su suka fara ƙunƙuni, don a da mutum ɗaya ke sa wa abokansa hannu, su kuwa suna can suna kabu-kabu. Baba Ɗahiru, masinjanmu da ya kusa ritaya, kullum daga ƙauyen Furfuri yake tasowa amma ya riga kowa. Shi ya fi kowa murna. Ya ce, "Yanzu za a san mai zuwa."

Da rani lafiya lau. Damina na kankama sai ta fara nuna masa ja. Ya goge yatsa a riga, ja. Ya hura, ya yi bisimilla, ja. Ya dube ni ya ce, "Malam Nura, mi na yi mata?" Na kashe na kunna, na zargi wuta, na zargi sabis. Na kai wa darakta, ya ce, "Ni abin da ta nuna shi zan tura." Mutumin yana tsaye a gabansa fa!

Da mai gyara ya zo, bai ko taɓa na'urar ba, hannun Baba ya kama ya duba. Ashe ƙotar fartanya ce ta cinye zanen yatsun, don daga ofis gona yake wucewa. Aka gwada su ɗaya bayan ɗaya, ƙaramin yatsan hagu kaɗai ya tsira.

Nan kuma sabuwar rigima. Baba ya maida hannu baya. "Hagu? Ko yaro ban miƙa wa abu da hagu ba, sai shaidar aikina?" Na ce, "Baba, ko hagu ko fanshonka." Haka ya miƙo hagun aka yi masa rajista da shi, har na tausaya masa.

Daga nan na daina auna ma'aikaci da shekarunsa. Kowa abin da zai samu ko zai rasa yake dubawa. Samarin da suka iya na'urar ba su taɓa son ta ba. Shi kuwa da ta wulaƙanta, har ya yi ritaya shi ne farko a gabanta. Sai ya tallafo hagun da dama, ya ɗan rusuna, ya ce mata, "A yi haƙuri da hagu."